Asalin Lemun Zaƙi da Halittarsa, da Yadda Ya Iso Ƙasar Katsina

In malami ya tsaya gaban aji a Ɗantutture, ko a wani ƙauye na ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, ya ce wa yara su lissafa masa itatuwan ƙasarsu masu 'ya'ya, za su fara da kuka da tsamiya da ɗorawa, su bi da kanya da magarya da aduwa da ɗinya. Kafin su kai goma wani zai ɗaga hannu ya ce lemu. Ba a ga laifin yaron ba, domin ya buɗe ido ya tarad da lemu a tire bakin tasha, ya ga ana kai wa majinyaci shi, ya kuma sha shi wajen buɗa baki da azumi. Amma in aka ce ya shiga daji ya nuno inda lemu ya tsiro da kansa kamar yadda magarya ta ke yi, sai ya yini yawo bai samu ba. Ko a ƙasar Sin ma, inda aka fara nomansa, ba a taɓa samun lemun zaƙi a daji ba.

Wannan shi ne mafarin binciken da ke cikin takardar nan. Tarihin sarakuna yana da maroƙa da marubuta masu kiyaye shi, tarihin itace kuwa sai an bi sawu. Sawun lemun zaƙi iri uku ne: akwai sunayen da al'ummai suka sa masa, akwai abin da matafiya da masana suka rubuta, akwai kuma jikin itacen kansa. Abin da ukun nan suka haɗu a kai shi ne, lemun zaƙi itace ne wanda mutum ya tsare shi tun ranar da ya samu, mutum ya kai shi duk inda ya je, kuma a ƙasa irin tamu ba ya rayuwa sai da hidimar mutum. Wanda bai san haka ba, in malami ne zai koyar da kuskure, in manomi ne zai yi hasarar shekaru.

Shaidar Suna

Kalmar lemu, wadda wasu ke cewa lemo, ba Hausa ba ce tun asali. Daga Larabci ta fito, watau laimun, Larabawa kuma a wurin Farisawa suka aro ta. Abin lura shi ne, a tsohuwar Hausa in an ce lemu kurum, ba tare da ƙari ba, ƙaramin nan mai tsami a ke nufi. Haka Likita J. M. Dalziel ya same shi sa'ad da ya tattara sunayen tsire-tsire na Hausa cikin littafinsa na 1916. Sauran dangin sai da aka yi musu laƙabi, aka sami babban lemu, da lemun Makka, da lemun Masar, da lemun zaƙi. A al'adar harshe kuwa, wanda ya riga zuwa shi ke riƙe da suna shi kaɗai, na baya shi a ke yi wa ƙari don a bambanta. Da lemun zaƙi ya yawaita har ya rinjaya, sai magana ta juya, ya karɓe sunan, aka koma ce wa na farko lemun tsami. A zamaninmu an sake juyi, abin sha na kwalba ya shigo ya ɗauki sunan lemu, har a birni mai son ɗan itacen ya kan ce lemun ɓawo don kada a kawo masa kwalba.

Sai dai kada mai karatu ya ga Makka da Masar cikin sunayen nan ya zaci can ne mahaifar. Masara ma sunan Masar gare ta, gwandar gida kuma a dā gwandar Masar a ke ce mata don a bambanta ta da gwandar daji, alhali kuwa su biyun daga nahiyar Amurka suka fito. Bahaushe ya kan sa wa baƙon abu sunan ƙofar da ya ga ya shigo ta cikinta, ko sunan ƙasar da ya ke girmamawa. Sauran al'ummai ma haka su ke yi. Larabawa suna kiran lemun zaƙi burtuƙal, Turkawa suna cewa portakal, Girkawa portokali, duk sunan ƙasar Fotugal ke nan, domin ta hannun fataken Fotugal suka san mai kyansa. Mutanen Holan da na arewacin Jamus kuwa sunan da su ke kiransa da shi ma'anarsa tuffar Sin. Sunan da Ingilishi da Faransanci su ke amfani da shi ya fi waɗannan tsufa: daga naranga na Sanskirit, tsohon harshen Indiya, ya zama narang a Farisanci, naranj a Larabci, naranja a harshen Sifen. Amma shi naranj tun farko sunan wani lemu ne mai ɗaci, daga baya aka yafa wa mai zaƙi.

Masana tsire-tsire sun bi ra'ayin masu cewa Sin. Linnaeus, mutumin Suwidin, ya rubuta shi a 1753 a matsayin wani reshe na lemu mai ɗaci, ya laƙaba masa sinensis, watau na Sin. Almajirinsa Pehr Osbeck, wanda ya taɓa zuwa Kanton cikin jirgin fatake, shi ya ware shi daban a 1765, sunansa na ilmi ya tabbata Citrus sinensis.

Mahaifa da Iyaye

An daɗe ana gardama a kan yawan jinsunan lemu, har wani masani ya ce 16 ne, wani ya ce sun haura 150. Abin da ya kawo ruɗanin shi ne, dangin lemu suna barbarar juna cikin sauƙi, 'ya'yan da aka samu kuma su ma suna haihuwa, ba kamar alfadari ba wanda zuriya ke tsayawa a kansa. Ba a warware wannan ƙulli sosai ba sai da aka iya karanta ƙwayoyin gado. A 2013 masana na jami'ar aikin gona ta Huazhong, a birnin Wuhan, suka fitar da taswirar gadon lemun zaƙi. A 2014 da 2018 kuma G. Albert Wu da abokan aikinsa suka gwada gadon dangin lemu iri iri.

Abin da suka samu shi ne, mahaifar dangin duka tana gindin duwatsun Himalaya ta kudu maso gabas, inda gabashin Asam da arewacin Myanmar da yammacin Yunan suka haɗu, kuma sun ƙiyasta cewa daga nan dangin suka fara rarrabuwa wajen shekara miliyan 8 da suka wuce. Yawancin lemun da a ke nomawa a duniya zuriyar kakanni uku ne. Na fari shi ne wanda Larabawa ke kira utrujj, mai kaurin ɓawo da ƙanshi, ruwansa kaɗan. Na biyu fomelo, wanda ya fi kowa girma, ya kan kai girman ƙaramar ƙwarya. Na uku mandarin, ƙarami mai sauƙin ɓarewa, wanda tanjarin ɗinmu ya fito daga gidansa.

Lemun zaƙi ruwa biyu ne tsakanin fomelo da mandarin. Wajen kashi 58 cikin ɗari na gadonsa na mandarin ne, kashi 42 na fomelo. Akwai wani sashe na gado wanda ta wajen uwa kaɗai a ke samunsa, shi ya nuna cewa tsatson uwarsa fomelo ne. Lemu mai ɗaci, naranj, shi ma ɗan waɗannan biyun ne, amma ta wata haɗuwa dabam, saboda haka ɗan'uwa ne ga mai zaƙi, ba ubansa ba. Ƙaramin lemun tsami namu kuwa ubansa utrujj ne, uwarsa wani lemun daji na tsibiran Filifin. Garehul shi ne autan gidan: an haife shi a tsibirin Barbados daga fomelo da lemun zaƙi, an fara bayyana shi a rubuce a 1750.

Wani abin da binciken ya nuna ya fi waɗannan ban mamaki. Duk ire-iren lemun zaƙi na duniya, da na Barazil da na Binuwai da wanda ke bayan gida a Kurfi, daga tsiro guda su ke. Sau ɗaya haɗuwar nan ta auku, wani manomi da ba a san sunansa ba ya ɗanɗana, ya ji daɗi, ya tsare itacen. Bambancin da a ke gani tsakanin iri da iri 'yan canje-canje ne da su kan auku a reshe ɗaya na itace, mai lambu ya lura, ya yanki reshen ya yaɗa shi. Sinawa sun gwanance da wannan tun da wuri. A 1178 Han Yanzhi, hakimin Wenzhou, ya rubuta littafi sukutum a kan lemu, ya bayyana iri 27, da yadda a ke aurensu da dasa su da ajiye 'ya'yansu.

Tafiya Yamma

Dangin lemu ba tare suka yi ƙaura ba. Utrujj ne ya fara isa Farisa da Bahar Rum, har Theophrastus Bagirke ya siffanta shi wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kira shi tuffar Midiya. Shi ne kuma lemun da Larabawa suka sani a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya zo cikin hadisin Buhari da Muslim inda aka misalta mumini mai karatun Alƙur'ani da utrujja. In mai fassara ya mai da ita lemun zaƙi don ya sauƙaƙa wa almajirai, ba laifi, amma mai tarihi ya san lemun zaƙi bai iso ƙasar Larabawa ba sai bayan ƙarnuka.

Naranj ne ya biyo baya. Al-Mas'udi, wanda ya rasu a 956, ya faɗa cikin Muruj al-Zahab cewa an kawo shi daga Indiya bayan shekara ta 300 ta Hijira, aka fara shuka shi a Oman, daga nan ya wuce Basra da Iraƙi da Sham da Masar. Har ya lura cewa ƙanshinsa da launinsa sun ragu da ya bar iska da ruwan ƙasarsa. Musulmi suka kai shi Magrib da Andalus tare da laimun, a ƙarni na 12 kuma Ibn al-Awwam na Ishbiliya ya yi bayanin renonsu cikin Kitab al-Filaha. Ta gabashin Afirka ma sun sauka, gama Ibn Battuta ya ga itatuwan laimun da utrujj a Mombasa a 1331.

Lemun zaƙi shi ya zo ƙarshe. Ya bayyana a lambunan Italiya da Sifen cikin ƙarni na 15, a ke kyautata zato ta hannun fataken Jenowa masu ciniki da gabas. Columbus ya ɗauki irin lemu zuwa tsibirin Hispaniola a tafiyarsa ta biyu, 1493. A 1498 da jiragen Vasco da Gama suka tsaya Mombasa, matuƙansa suna fama da ciwon nan na teku mai kumbura dasashi ya kakkaɓe haƙora, aka kawo musu lemu suka sha suka sami sauƙi. Daga baya fataken Fotugal suka kawo iri mafi zaƙi daga Sin suka dasa a Lisbon, shi ne ya cika kasuwannin Bahar Rum har sunan ƙasarsu ya bi shi. Asirin maganin da matuƙan nan suka samu ya daɗe a ɓoye. James Lind, likitan jiragen ruwan Ingila, ya gwada a 1747 ya ga lemu yana warkar da ciwon, amma ba a gane sinadarin da ke yin aikin ba, watau bitamin C, sai a 1932. Giram 100 na tsokar lemun zaƙi yana ɗauke da wajen miligiram 50 na wannan sinadari.

Isowa Ƙasar Hausa

Birnin Katsina ya yi ƙarnuka yana bakin hanyar ayarin Sahara, fataken Agadas da Gadamus suna sauka cikinsa, malamai irin su al-Maghili sun zauna a ciki a ƙarshen ƙarni na 15, alhazai kuma suna fita ta gabas suna komowa. Ta waɗannan hanyoyi kalmar laimun ta shigo, da itacen da ta ke nufi. Da Hugh Clapperton ya sauka Katsina a 1824, yana komowa daga Sakkwato, cikin 'ya'yan itatuwan da ya lissafa na garin akwai ɓaure da rumman da lemun tsami. Babu lemun zaƙi cikin lissafin nan nasa. Wannan ya yi daidai da shaidar suna da muka gani a baya.

Dalilin da ya sa mai tsami ya riga kafuwa yana jikin itacen. Ƙwallonsa yana tsirowa ya ba da 'ya'ya irin na uwar cikin 'yan shekaru, yana jure zafi, kuma ƙaramin itace ne wanda ruwan alwala da na wanke-wanke a tsakar gida ya kan ishe shi. Ga shi kuma ya sami aiki nan da nan a wurin Bahaushiya, cikin kunu da lalle da maganin gida.

Shi kuwa mai zaƙi, sunan lemun Makka yana nuna alhazai sun san shi a gabas. Amma yawansa ta kudu ya zo. Fotugis sun iso gaɓar Benin tun cikin shekarun 1470, sun dasa lemu a tsibirai da tashoshinsu na gaɓar yammacin Afirka, inda ruwan sama ya ishe shi ba tare da ban ruwa ba. Abin da ya hana shi isa arewa da yawa nisa ne, gama ɗan itace mai ruwa ba ya jure tafiyar wata guda a kan jaki kamar yadda goro ke jurewa cikin ganye. Jirgin ƙasa ne ya yanke wannan nisa. Dogo ya iso Kano a 1911, na gabas ya haɗe da Kaduna ta Makurɗi a 1927, reshen da ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sa'an nan manyan motoci suka biyo baya. Tun daga nan lemun zaƙi ya sauko daga tsarabar alhaji ya zama kayan tire. Jihar Binuwai ita ce ta yi fice a nomansa a Nijeriya, lemun da a ke ferewa a tashoshin Katsina kuwa galibinsa daga kudancinmu a ke lodo shi, tun daga ƙarshen damina har cikin ɗari. A 1975 aka kafa cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa a Ibadan, lemu yana cikin abin da aka ɗora mata. A duniya kuwa, an girbe wajen tan miliyan 76 na lemun zaƙi a 2022, Barazil ce kan gaba.

Halittar Itacen

Lemu yana cikin dangin da masana ke kira Rutaceae. Yana da ɗan'uwa na nesa a ƙasarmu, watau fasaƙwari, wanda a ke sa ɓawonsa cikin yaji. Alamar dangin ita ce ƙananan jakunkunan mai a jikin ganye. Malami zai iya nuna wa aji wannan ba da wani kayan aiki ba: a ɗaga ganyen lemu a duba shi ta hasken rana, za a ga ɗige-ɗige masu haske kamar an tsattsaga shi da allura, in an murje shi kuma ƙanshin ya fito.

Itacen ya kan kai mita 6 zuwa 10, ba ya kaɗe ganye rani da damina. Ganyen yana da wata gaɓa tsakaninsa da maƙalarsa, maƙalar kuma tana da ɗan siririn fiffike. Faɗin fiffiken nan yana taimakon mai bambancewa: na lemun zaƙi siriri ne, na naranj da garehul mai faɗi, gadon fomelo ke nan. Furen fari ne mai ƙanshi, kunnuwansa biyar, da zarurrukan namiji 20 zuwa 25 kewaye da mahaifar mace guda. Daga fure zuwa nuna ya kan ɗauki wata 7 zuwa 9, ko fiye, gwargwadon iri da yanayi.

Ɗan lemun kansa hawa uku ne. Na waje shi ne ɓawo mai launi, cike da jakunkunan mai. Man nan ne ke yi wa leɓe zafi, shi ya sa mai tire ya ke fere shi siriri ya bar farin. Na tsakiya shi ne farin nan mai kama da soso. Na ciki kuma ɗakuna ne wajen 10 zuwa 13, ko wane cike da 'yan jakunkunan ruwa, waɗanda asalinsu gashi ne da ya tsiro daga bangon ɗakin ya kumbura.

Akwai abubuwa biyu game da nunarsa da mutanenmu su kan yi kuskure. Na ɗaya, launi ba shi ne shaidar nuna ba. Koren ɓawo ba ya washewa ya koma ruwan ɗorawa sai dare ya yi sanyi, wajen digiri 13 ko ƙasa da haka. A ƙasashe masu zafi lemu ya kan nuna sarai, ya cika da zaƙi, ɓawonsa yana kore. Lemun waje mai ɗaukar ido sanyin ƙasarsu ne ya rina shi, wani kuma turara shi aka yi da wata iska a ɗakin ajiya. Na biyu, lemu ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi. Mangwaro da ayaba a kan rufe su su nuna, domin suna da gari a jikinsu wanda ke juyewa sukari. Lemu ba shi da wannan ajiya, yadda aka tsinke shi haka zai tsaya har ya ruɓe.

Sai maganar ƙwallo. In aka shuka ƙwallon lemun zaƙi guda, sau da yawa a kan ga tsiro biyu ko uku sun fito. Ɗaya ne kurum ɗan barbara, sauran daga naman uwar suka tsiro, kamanninta ne sak. Wannan hali shi ya taimaka iri ɗaya ya dawwama shekaru aru aru bai rikiɗe ba. Amma itacen da ya tashi daga ƙwallo yana da doguwar ƙuruciya: ya kan yi ƙaya, ya miƙe sama, ya shekara 7 ko fiye bai yi fure ba. Maganin wannan shi ne aure, watau a yanko ido ɗaya daga reshen itacen da ya riga ya balaga, a tsaga ɓawon wani ƙaramin dashe mai ƙarfin saiwa a cusa, a ɗaure har su kama. Ɗan aure ya kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4. Lemu mai cibiya ya isa misali: a Bahia ta Barazil ya ɓullo a reshe guda, ba shi da ƙwallo ko kaɗan, aka aika da dashensa Washington a 1870, aka kai Riverside ta Kalifoniya a 1873, duk gonakinsa na can daga idanun waɗannan 'yan itatuwa suka yaɗu.

Zaɓen gindin da za a yi auren a kai ba wasa ba ne. A shekarun 1930 da 1940 wata cuta mai suna tristeza, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta kashe miliyoyin itatuwa a Ajantina da Barazil, domin an aurar da su duka a kan gindin naranj, wanda ba ya jure ta. Saboda haka a Nijeriya aka fi amfani da gindin wani mandarin mai suna Kiliyofatara, da na wani lemun tsami mai kaushin ɓawo.

Lemu a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Yanzu sai mu komo Ɗantutture mu auna baƙon da ƙasar. Itatuwanmu na gado ko wane yana da dabarar rani. Kuka tana kaɗe ganye ta ajiye ruwa a cikinta, aduwa da magarya suna da ƙananan ganye da saiwa mai nisa, gawo kuwa ya juya shekara, yana ganye da rani saboda saiwarsa ta kai ruwan ƙasa. Lemu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. An haife shi inda ruwa ke sauka yawancin shekara, yana riƙe da ganyensa kullum, saiwoyin da ya ke sha da su kuma yawancinsu ba su wuce zurfin kamu biyu ba. Yana bukatar ruwa wajen milimita 900 zuwa 1,200 a shekara, a rarrabe cikin watanni. Damina a tsakiyar Katsina kuwa wata huɗu ce zuwa biyar, sauran bakwai ko takwas rani ne. Iskar hunturu tana busar da ganye, zafin bazara mai kaiwa digiri 40 yana zubar da fure da ƙananan 'ya'ya, gara kuma tana jiran itacen da ƙishi ya raunana.

Saboda haka lemu a ƙasar nan ɗan lambu ne, sai fadama da bakin rafi da kusa da rijiya. Amma ko a fadama ba ya son kwanciyar ruwa, in gindinsa ya daɗe a jiƙe ya kan kamu da ciwon da ke sa ɓawo ya tsage yana zubar da ƙaro. Gwanayen lambu su kan yi masa kwari kewaye, nesa kaɗan da gindi, su kuma bar wurin auren sama da ƙasa, ba su rufe shi da turɓaya ba. In an ba da tazarar mita 7 ko wane gefe, hekta guda za ta ɗauki itace 204.

Ranin nan kuma yana da wata fa'ida ga wanda ke da ruwa a hannu. A ƙasashen sanyi, sanyi ne ke sa lemu fure. A ƙasashen zafi ƙishi ne: in itacen ya ɗan sha wuya na 'yan makonni sa'an nan ya sami ruwa, sai ya fashe da fure. Manomin Binuwai sai ya jira sama, amma mai ban ruwa a Katsina yana iya ɗan matsar da lokacin, lemunsa ya fito sa'ad da kasuwa ba ta cika ba. Ruwan kuwa akwai shi kusa. Madatsar Zoɓe, a kan kogin Karaɗuwa kudu da Dutsin-Ma, an gama ta a 1983, ta yi shekaru da yawa ba a ci moriyarta wajen noman rani kamar yadda aka tsara ba. A garin kuma akwai Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, da Jami'ar Tarayya wadda aka kafa a 2011. Auren itace aiki ne na wuƙa da zare wanda yaro ɗan shekara goma sha biyu zai koya a yini guda, in malamin da ya fito daga waɗannan makarantu ya iya shi.

Abin da mu ke roƙon malamai shi ne, in yaro ya sa lemu cikin itatuwan ƙasarsa, kada a ce ya yi kuskure, kada kuma a wuce shiru. A tambaye shi me ya sa a ke cewa lemun zaƙi, alhali ba a cewa mangwaron zaƙi. A ba shi ganye ya duba a rana, a ba shi ƙwallo ya shuka ya ƙirga tsiron. Daga nan a gaya masa hanyar da itacen ya biyo, daga Yunan zuwa Lisbon, daga gaɓar teku zuwa Makurɗi, har tiren da ke bakin tasharsu. Ɗaliban Hausa kuma akwai aiki a gabansu: su bi tsofaffin masu lambu na Dutsin-Ma da Kurfi su rubuta sunayen da su ke kiran ire-iren lemu da su, da inda iyayensu suka samo dashen farko, tun masu wannan sani suna da rai. Allah ya sa mu dace.